Su sunka sa ni na yi ƙiba, yau kuma su ke mini dariya

Ga saƙon da wata ƴar uwa ta turo, ta ce a ɓoye sunanta:

"Salamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a nan Maradi, shekarata 31, ɗiyana uku. Da ina budurwa siririya ce ni har ana ce mini tsinke, da aurena ya matso gwaggona ta kawo mini ƙwayoyin sha ka fashe ta ce amarya ba ta shiga ɗaki da ƙasusuwa a waje. Na sha na cika, kowa na yabawa. Yanzu kilona 97, tsawona mita 1 da 62. Maigidana ya bar kirana da sunana sai tirela, gaban yara, gaban ƙannenshi, in na yi fushi ya ce wasa ne, ran nan har ya ce zai samo ƴar dama-dama. Ɗan kabu-kabu sai ya dube ni ya ce kuɗin mutum biyu. Na je likita da ciwon gwiwa, matar ko taɓa ni ba ta yi ba ta ce in je in rage ci, tun ranar ban koma ba. Na bar zuwa biki da suna. Da rana ba ni cin komai don kar a gani, sai dare in ci in yi ta kuka. Ƙwayoyin nan har yau ina sha don in na bari jikina mutuwa yake yi. Ƙawata ta ce akwai shayin rage ƙiba da ake kawowa daga Kano, jikka 15, cikin sati biyu mutum ya zube. In saya? Kuma ya zan yi da bakin mutane?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya yaye miki. Shayin nan kar ki saye shi, riƙe jikkarki 15 akwai inda za ta yi miki rana. Amma ni fa duk cikin saƙon nan abin da ya fi tada mini hankali ba shayin ba ne, ba kuma sunan banzan da maigidan ya laƙa miki ba duk da ya sosa mini rai, magana ce guda da kinka faɗa kinka wuce abinki, wai har yau kina shan ƙwayoyin nan don in kin bari jikinki mutuwa yake yi. Daga nan za mu fara, don wannan na iya kai ki ƙasa tun bakin mutane bai kai ki ba.

Abin da masu tebur da masu yawo da magani a tire ke saida ma mata da sunan sha ka fashe galibi abu biyu ne. Akwai siproheptadin, asalinshi maganin ƙaiƙayi da atishawa ne amma yana buɗe ciki ya sa barci, shi ne ke cikin su Super Apeti. Sai deksametazon, deksa, ƴan ƙananan nan masu arha, kuma mutuwar jikin da kinka kwatanta da shi ta fi kama. Deksa magani ne na gaske mai ƙarfi, ana ceton rai da shi, ko lokacin korona a 2020 shi anka gano yana rage mutuwar waɗanda ciwon ya kai su ga neman iskar oksijen. Amma da awo ake ba da shi, da idon likita a kai. In mace ta ɗauki watanni ko shekaru tana haɗiya don ta yi jiki, ba ƙibar lahiya take samu ba. Yana riƙe ruwa da gishiri a jiki, ya tattaro kitse ya jibge shi a fuska da ciki da bayan wuya, sai ki ga fuska ta kumbura ta yi zagaye, ƙeya ta yi tozo, hannuwa da ƙafafu kuwa suna sirancewa don naman ne ke narkewa, fata ta yi laushi, nankarwa mai faɗi ja-ja ta fito a ciki da cinya. Ki rufe ƙofa ki duba jikinki a madubi ki gani ko akwai waɗannan. Daga ciki kuma yana tada suga, yana tada tansiyo, yana cin ƙashi, yana raunana garkuwar jiki har ɗan ƙurji ya ƙi warkewa.

Dalilin mutuwar jikin kuwa ga shi. A saman kowace ƙoda akwai wata ƴar tsoka da ke fitar da sinadarin da ake ce ma kortizol, shi ke riƙe miki ƙarfin jiki da tansiyo da suga musamman in ciwo ya zo. Deksa aikin sinadarin nan yake yi, ya ma fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, to in ya daɗe a jiki sai tsokokin nan su kwanta abinsu, kamar ƴar aikin da ta ga an kawo wata tana yi mata shara kullum. Ranar da kinka daina sha rana tsaka, babu na waje, na cikin kuma bai farka ba, shi ne za ki ji kasala da jiri da ciwon gaɓoɓi da tashin zuciya, wata ma tansiyo ya faɗi ta suma, kuma ana mutuwa da wannan. Don haka kar ki karanta maganata ki tashi ki watsa su a masai yau da dare, kar kuma ki ci gaba da sha da kanki. Likita ne zai riƙa rage miki kaɗan-kaɗan cikin makwanni ko watanni har jikin ya karɓi aikinshi. Ki zuba sauran ƙwayoyin da kwalinsu a jaka ki tahi mashi da su ya gani da idonshi, ki faɗi gaskiyar shekarun da kinka yi kina sha, ba ke ce ta fari ba wallahi, sun saba gani. In kina shafa man bilicin shi ma ki ɗauka, da yawansu akwai dangin deksa a ciki kuma fata na shanye shi.

Shayin kuma, me kike zaton ke cikinshi da zai zubar da mutum cikin sati biyu? Kitse ba ya narkewa da saurin nan. Galibi ganyen filasko ne ko danginshi mai sa zawo, ko maganin sa fitsari, ki kwana kina zarya bayan gida sikeli ya nuna kin ragu, alhali ruwa ne ya fita, ki sha ruwa kwana biyu ya dawo. Wasu ma an sha kama su da sibutramin a ciki, maganin rage ƙiba ne da anka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda yana jawo bugun zuciya da shanyewar jiki, kuma ba za su rubuta a kwali ba. Ke da deksa ke iya rage miki gishirin potasiyom a jini, ki ɗora zawo da fitsari a kai, zuciya kike taɓawa kai tsaye. Ƙawarki ba mugunta take nufi ba na sani, ita ma a status ta gani. Ko alluran nan da ake yayi yanzu don rage ƙiba su Ozempic, magunguna ne na gaske amma masu tsada ne kuma likita ke rubutawa, kuma a 2024 hukumar lahiya ta duniya OMS ta yi gargaɗi cewa akwai jabunsu na yawo, duk wadda ta ce miki tana da su a jaka ki ce Allah ya ba da kasuwa ki wuce.

Jikka 15 ɗin nan ki kai su awo. Na san abin da matar nan ta yi miki ya ƙona ki, kuma ba ta kyauta ba, wanda ya zo da ciwon gwiwa duba mashi gwiwa ake yi, nauyi na ƙara ma gwiwa wahala gaskiya ne amma ba a ganewa daga kan kujera. Sai dai ke ce ke biyan kuɗin rashin kirkinta da kinka zauna gida, ita ta manta da ke tuni. Ba ita kaɗai ba ce ma'aikaciya a garin nan, ki canza wuri ko ki canza rana, ki tahi da yayarki ko wata mai baki. Ki ce a auna miki tansiyo, kuma ki lura da robar da ake naɗawa a hannu, in ta yi ma damtsenki kaɗan lambar na hawa fiye da gaskiya, ki ce a kawo babba. In yana kai 14/9 ko sama a awo fiye da ɗaya to akwai magana. A auna suga da safe ba ki ci komai ba, daga giram 1,26 a litar jini zuwa sama in ya maimaitu ciwon suga ne. Ki faɗa masu in kina allurar tazarar haihuwa ta wata uku, tana ƙara ma wasu mata nauyi, akwai wasu hanyoyin da za a iya canza miki. In haila na yi miki wasa ko kina jin sanyi da kasala kullum shi ma ki faɗa, akwai ciwukan da ke kawo ƙiba ta nan.

Ba zan rufe ki ba, kilo 97 a tsawon mita 1,62, in an raba nauyin da tsawon sau biyu kamar yadda likitoci ke yi yana ba da wajen 37, kuma daga 30 ake cewa ƙibar ta kai ta a kula da ita. To a kula ɗin. Amma kula daban wulaƙanci daban, kuma mutanenmu sun iya haɗa su, kowa ya gama yaɓa miki magana sai ya ce ai don lahiyarki nike faɗi. Wanda ya damu da lahiyarki tambayarki zai yi yaushe rabonki da awo, ya ce taso in raka ki. Wanda ya jira sai an taru a tsakar gida sannan ya ce a kawo ma Hajiya kujerar ƙarfe, wannan dariyar jama'a yake nema.

Akwai masu cewa gori ne ke sa mutum ya zabura ya gyara. An bincika wannan, ba haka ba ne. A Amurka an bi mutane sama da 6,000 tsawon shekara 4, sakamakon ya fito a 2013, waɗanda sunka ce ana nuna masu wariya saboda jikinsu sun fi sauran faɗawa cikin ƙiba mai yawa da wajen ninki biyu da rabi, waɗanda kuma da ma suna cikinta sun fi daɗewa a ciki. Ba ma sai mun je Amurka ba, ki sake karanta saƙonki. Gorin ne ya hana ki zuwa likita. Shi ya hana ki fita, ke da da kike taka ƙafa zuwa biki da suna da barka yanzu kina ɗaki. Shi ya sa kike wuni da yunwa ki zo dare ki ci na rana da na dare a haɗe cikin baƙin ciki ki kwanta a kai. Duk abin da zai ƙara miki kilo sun tura ki gare shi sannan sun koma gefe suna cewa ba ki da zuciya. Shi ya sa a 2020 ƙungiyoyin likitoci da masana sama da 100 sunka sa hannu a wata sanarwa ta haɗin gwiwa cewa a bar tsangwamar masu ƙiba, har a cikin asibitoci, don cutarwa take yi. Kuma maganar wai ci ne kawai da lalaci, binciken da anka yi kan tagwaye ya nuna gado na da kaso babba, tsakanin 40 zuwa 70 cikin 100 na bambancin jikin mutane. Ke kanki kin san gidan da ake cin kwano ɗaya, wata ta cika wata tana nan jiya i yau. OMS ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na da irin wagga ƙiba, sama da biliyan ɗaya ke nan, duka malalata ne?

Abin da ke ba ni haushi da lamarinmu shi ne ma'aunin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Iyayenmu sun ga yunwa da idonsu, ta 1984 da tsofaffi ke ce ma El Buhari, mu kanmu mun ga 2005 lokacin da duniya duka ta san sunan Maradi saboda yaran da tamowa ta kama, har gobe akwai cibiyoyin tamowa a jihar nan. A wurin da rama ke nufin babu, dole jiki ya zama shaidar akwai. Amarya ta yi wata uku ba ta cika ba sai a fara ƙus-ƙus, mijin ba ya ciyarwa, ko uwar miji ta matsa mata, da sida ta shigo kuwa ramammiya har zarginta ake yi. Can yamma wajen Zabarmawa akwai hangandi inda mata ke kiwon jiki a fito a gwada wadda ta fi, a Muritaniya har ɗura ake ma ƴan mata. Gwaggonki cikin wannan ta tashi, abin da ta sani na gata ta yi miki, kar ki riƙe ta a zuci. Sai ga salula ta shigo, TikTok da finafinan waje, yanzu kuma so ake ciki ya lafe, ƙugu ya tsuke, amma baya da ƙirji su cika, abin da Allah bai cika haɗa ma mace mai haihuwa uku ba. Shi ya sa za ki ga yarinya ɗaya tana shan ƙwayar ƙarin hips da dare da safe tana shan shayin rage tumbi, kuma sau da yawa mai saida mata duka biyun mutum ɗaya ce. Namiji kuwa ya ajiye tumbi har ba ya ganin takalminshi sai a ce Alhaji an ji daɗi, kasuwa ta karɓa. Ban taɓa jin ɗan kabu-kabu ya ce ma Alhaji kuɗin mutum biyu ba. Ke dai ki riƙa gama ciniki kafin ki hau, wanda ya kawo raini ki ɗaga ma na bayanshi hannu, babur ba ya ƙarewa a Maradi.

Sai maigida, nan ne aikin yake. Kar ki tare shi lokacin da ya faɗa gaban mutane, zai kare kanshi ne ya ce ba ki san wasa ba, ƙannen su tayar mashi. Kar kuma ki yi ta kumbure-kumbure kina jira ya gane da kanshi, ba zai gane ba. Ki bari dare ya yi, yara sun kwanta, ya ci ya ƙoshi, ki zauna kusa da shi ki ce, Baban wane ina da magana. Sunan nan da kake kirana da shi yana yi mini ciwo, na bar fita saboda shi, ina kuka da dare ba ka sani ba. Ina so ka bari, musamman gaban yara. Kuma ina so ka san ƙwayoyin da anka ba ni lokacin aurenmu su ne sunka taɓa mini jiki, ina bukatar ganin likita, ina so ka taimake ni. Ki tsaya nan. Kar ki jawo tsohon laihi na shekara biyar, kar ki ce kai ma dubi cikinka ko da kuwa gaskiya ne. Maza da yawa da gaske suna ɗauka wasa suke, don a gidansu haka sunka ga ana yi, kuma in an ba su wani aiki a hannu, kai ni likita, sayo mini kaza, sun fi saurin juyowa fiye da in an ce su zauna su ji laihinsu.

In ya ce wasa ne, to mu ba baƙin wasa ba ne, ƙasar nan har UNESCO ta sa wasan taubasantakarmu cikin kayan gadon duniya a 2014. Amma ko taubashi ya san doka, wasa ana ramawa kuma duka biyu ke dariya, ranar da ɗaya ya koma ɗaki ya yi kuka ya tashi daga wasa. In mai jin maganar malamai ne ki tuna mashi aya ta 11 cikin Suratul Hujurat, inda Allah ya hana wasu su yi ma wasu izgili, ya ambaci mata daban, ya kuma hana jifan juna da miyagun laƙabobi. Uwar muminai Sauda mace ce mai jiki mai nauyin tahiya, a hajji ta nemi izini ta bar Muzdalifa da dare kafin cunkoso, Annabi (SAW) ya ba ta izini, sauƙi anka yi mata ba dariya ba. Nana A'isha kuma ta ba da labarin tseren da sunka yi da shi ta wuce shi, bayan ta yi jiki sunka sake ya wuce ta ya ce wannan ramuwar waccan ce. Ga yadda miji ke wasa da matar da jikinta ya canza. Ƙannenshi kuwa, in shi ya bari su ma za su bari, daga bakinshi sunka samu lasisi.

Maganar zai samo ƴar dama-dama, ba zan yi miki alkawarin da ba nawa ba. Wanda ya yi niyyar ƙara aure zai ƙara ko kin koma tsinken da, ga sirara nan birjik an yi masu kishiya an ce ba su da jiki. Don haka kar ki ɗaura lahiyarki a kan wannan, in kin ɗaura ta nan ranar da ya ɓata miki rai za ki watsar da komai. Ki yi don gwiwarki da ke ciwo, don ki ga auren ɗiyanki da ƙafarki.

Yaran nan kuma suna ji fa. Namijin cikinsu yana koyon yadda ake magana da mace, macen tana koyon cewa jikinta abin a tattauna ne a tsakar gida. Ranar da ɗayansu ya kira ki da sunan nan, kuma zai kira, kar ki yi dariyar yaƙe kar kuma ki kai mashi duka, ki ce sunana Mama, a gidan nan ba a kiran kowa da jikinshi. Ke ma ki kiyaye bakinki a kan kanki, ki bar cewa ni ai na zama kaza a gabansu. In cikinsu akwai mai ɗan jiki kar a ware mata kwano, kar a sa mata suna, abin da za a gyara a tukunya a gyara ma kowa.

Abinci kuwa, abu na farko ki dawo cin rana. Wunin yunwar nan ba rijim ba ne, shi ke kai ki ga cin dare. Ki karya da safe, ki ci da rana a zaune cikin mutane ba a ɓoye ba, na dare ya zama shi ne ƙarami kuma da wuri. Ba sai kin sayi wani abincin Turawa ba, gero da wake da ganye da muke rainawa su ne likitocin ke ce ma mutane su koma ma. Zogalen Jiratawa ga shi nan a kasuwa, ga rama, ga yakuwa, ga kabeji da salati da karas lokacin sanyi sai an roƙe ki ki saya. Ki sa ganye ya cinye rabin kwanon, tuwo ko shinkafa su koma gefe. Inda kilo ke ɓuya a gidajenmu wuri biyu ne, mai da sukari. Man da ake tuttulawa daga bidon ki koma auna shi da cokali. Sukari kuma OMS cewa ta yi babba kar ya wuce wajen giram 50 a rana, ƙaramin cokali 12 ke nan, ƙasa da haka ma ya fi, alhali lemun kwalba ɗaya na santilita 33 na ɗauke da wajen giram 35, ba a zo ga bisab ba, ba a zo ga shayi da madarar gwangwani ba, ba a zo ga furar da ake zuba ma sukari har cokali ya tsaya ba. Fura ba laihi gare ta ba, ki sha da nono ba sukari, kofi guda ba kwanon sha cike ba. Dunƙulen magi da gishiri ki rage saboda tansiyo, daddawa na nan.

Kuma kar ki sa ma ranki sai kin koma kilon budurci, wannan ne ke karya ma mata gwiwa su bari. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinki, kilo 5 zuwa 10 ke nan, a hankali cikin wata shida ko fiye, ya isa ki ga canji a suga da tansiyo da gwiwa. Wani babban bincike da ya fito a 2002 kan mutane sama da 3,000 da ke bakin kamuwa da ciwon suga ya nuna waɗanda anka sa su rage wajen kashi 7 na nauyinsu tare da motsa jiki minti 150 a sati, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Minti 150 ɗin nan rabin awa ne sau biyar a sati, tahiya ce kawai da ɗan sauri. Da gwiwar nan ki fara da minti goma bayan asuba kafin rana ta buɗe, ko bayan la'asar sakaliya, da takalmi mai taushi ba silifa ba, in fita na da wuya ki zagaya tsakar gida, in kina zuwa islamiyya ki riƙa sauka nesa kaɗan ki ƙarasa da ƙafa. Ki samu maƙwabciya guda ku riƙa yi tare, mutum biyu ba a cika yi masu tsiya a hanya ba. Sikeli kuma sau ɗaya a sati ya isa, don lokacin da ake janye miki deksa nauyin zai riƙa hawa da sauka saboda ruwa.

Biki da suna ki koma. Ki kai ma tela ɗinki daidai jikinki na yau, ki bar ajiye atamfa a akwati wai sai kin rame. In wata ta ce kai wance kin ƙara, ki ce alhamdu lillahi ya yara, ki juya ki gaida ta kusa da ita. In kuma kukan daren nan ya ƙi tsayawa, barci ya ƙaurace, ko kin fara jin rayuwar ma ta ishe ki, ki faɗa ma likitan a zama ɗaya da maganar ƙwayoyin, deksa kanshi na taɓa barci da yanayin zuciya, kuma akwai taimako.

In kin yi ma maigidan maganar sau ɗaya, sau biyu, ya ƙi bari ko ya hana ki zuwa likita, to ta wuce ta cikin ɗaki. Ki samu babban wanshi ko kawunshi da yake jin nauyi, ko waliyyinki, ki fara da maganar magani da awo don ita ce ba ta jira, ta sunan ta biyo baya. Satin nan nike so ki je, kuma in sakamakon ya fito ki turo mini lambobin tansiyo da suga da abin da likitan ya tsara kan rage ƙwayoyin.